Baba Sai-Gobe Ya Ajiye Guduma

Kafin sauran rumfunan layin makanikai su buɗe, shi ya riga ya share gaban tasa ya yayyafa ruwa. Sai ya fito da gudumominsa ya jera su a kan wani tsohon buhu, ya soke guntun alli a bayan kunne, ya jawo benci ya zauna yana jiran wanda tsautsayi ya kwana a gidansa. Ba ya daɗewa yana jira. In akwai abin da ba ya yankewa a gari, to mota ce da ta lotse, da mai ita da ya taho yana huci.

Gyaran bodin mota ne sana'arsa. Ya daɗe a kanta har waɗanda ya fara yi wa aiki, yanzu jikokinsu ne ke kawo masa motoci. A ƙarshen watan jiya ya rufe rumfar, kuma abin takaici, duk faɗin layin nan ba a samu mutum biyu da suka haɗu suka ce masa sannu da aiki ba. Tun da bakuna sun yi nauyi, bari alƙalami ya faɗa.

Sunan nan da aka san shi da shi, ba don yabo aka laƙaba masa ba. Ka kawo masa mota ta lotse, zai zagaya ta a hankali, ya shafa wurin da tafin hannu kamar mai lallashin jariri, ya leƙa ƙasa, ya buɗe ƙofa ya rufe yana saurare. Sannan ya zaro alli ya kewaye lotsewar da zane, ya ce, "Sai gobe." Ka yi magiya, ka ce ɗaurin aure za ka, ka ce motar ta maigidanka ce bai sani ba, ka ce za ka ninka masa lada. Zai saurare ka har ka gaji, ya ce, "Na ji. Sai gobe." Mutane da yawa sun ja motarsu sun bar wurin suna zage-zage.

Mai faci, maƙwabcin rumfarsa, wanda yawancin abin da ke cikin wannan rubutu daga bakinsa aka ji, ya taɓa tambayarsa dalili.

"Guduma ba ta da ribas," in ji shi. "In na buga sau ɗaya, mai duba ɓarna na kamfanin inshora ya zo, zai ce bai ga komai ba, shi ke nan an wuce wurin. Su kuma mutanen nan da zafin kai suke zuwa. Wani, lotsewar da babban yatsa zai rufe, sai ya ce inshora zai kai. Ya manta kamfani sai ka fara biyan kasonka daga aljihu, baɗi kuma su janye rangwamen da suke maka. Allura ta tono garma. Wani kuma ƙarfen ciki ya tanƙware, amma don gudun zirga-zirga sai ya ce in shafe masa da fenti. Damina ta zo ruwa yana shiga ta ƙofa, ya ruga kamfani, su ce ina kake tun ranar? Ni ba na zaɓar wa kowa. In gaya maka abin da ke ƙarƙashin fentin, ka je ka kwana da shi, ka tambayi matarka."

Abin da ya fi ci masa rai shi ne ƙarya. Ya ce a iya zamansa a layin nan bai taɓa ganin direban da ya bugi wani abu ba, kullum abin ne ke tasowa ya buge shi. "Ginshiƙan garin nan tafiya suke yi. Bishiyoyi kuwa har gudu." Wani mai tasi ya taɓa jan sa gefe, ya roƙe shi ya ƙara wa lotsewar girma da guduma, don inshora ta sake masa gefen motar gaba ɗaya. Ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Ɗana, ni gyara na koya. Ɓarna ai ka iya da kanka, ga shaida nan."

Baba, kai ne wanda aka zaga da safe aka dawo wurinsa da yamma. Kai ne ka yarda a kira ka mai nawa, a kira ka mai taurin kai, don kada wani ya yanke shawara jikinsa na rawa. Maƙerin da ƙarfe ba ya yi wa gardama, mutane ne kawai suka gagare ka.

Amma abin da ya sa ya ajiye guduma, ba kowa ya sani ba, kuma ya kamata a sani.

Wata safiya wani mai shagon labule ya kawo farar motarsa. Mutum ne mai sanyin hali, ba ya ɗaga murya. Ƙofar baya ta hagu ta shige ciki, ga wani dogon zanen koren fenti a kanta.

"Ginshiƙi ne, Baba, a wurin fakin," ya faɗa yana duban ƙasa.

Baba Sai-Gobe ya kankare koren da farce, ya kai kusa da ido. Ya san fentin nan. Na motar Dogon-Zango ne, tsohon direban babbar mota, abokinsa tun suna samari, kuma surukin wannan mai labulen, uban matarsa. A 'yan watannin nan koriyar motar ta yi ta zuwa rumfar, yau kusurwa, gobe madubi, kowace da labarinta. Tsohon ya biya daga aljihunsa, ya ce kada yara su ji. Shi kuma ya gyara yana mita, ya yi shiru, don a wurinsa sirrin mai mota amana ne. Shirun dai ya daɗe yana cizonsa.

Ya rufe ƙofar farar motar, ta ƙi zama. Ya sake, ta ƙi.

"Ƙarfen da ke tsakanin ƙofofin ya tanƙware. Wannan ba aikin aljihu ba ne, na inshora ne."

"To sai in ce musu ginshiƙi."

"Ginshiƙi kore, mai tafiya da baya? Mai duba ɓarna ba makaho ba ne. In ya tambaye ni kuma, ba zan taya ka ba."

Suna cikin haka tasi ta tsaya, matar mai labule ta sauko tana gyara mayafi. Da ganin tafiyarta ka san maganar ta faro tun daga gida.

"Kawu, ina kwana. Ya gaya maka gaskiya, ko ginshiƙin ya kawo maka?"

"Ginshiƙin ya kawo, 'yata."

"Baba ne. Jiya ya zo gaishe mu, da zai fita ya yi ribas ya daki motar. Ko waiwayowa bai yi ba, ya zaci dutse ya hau, har yana ɗaga mana hannu. Kawu, daidai wurin nan autata ke zama da 'yar tsanarta. Allah ne ya sa na kira ta wanka." Ta ɗora hannu a kan lotsewar. "Idon Baba ya tafi. Na faɗa, yayyena sun faɗa, ya ce tun ba a haife mu ba yake jan tirela. A kai wa inshora a faɗi gaskiya. In maganar ta je kamfaninsa, su za su sa a gwada idon, mu huta."

"Ni in kai ƙarar surukina?" in ji mijin. "Mutumin da ya ɗauke ki ya ba ni?"

"Wa ya ce ƙara? Bayani ne."

"Bayanin da sunansa zai hau. Gara in sayar da motar a haka."

"Sayar mana! Ka sayar da ƙofar gidan ma, tun da ita ce za ta bi baya!"

Suka juyo ga Baba Sai-Gobe su biyun, kowa na son ya tsaya masa. Shi kuwa haushin duka yake ji: na mijin da kunya ta sa zai yi ƙarya, na matar da ke son baƙi a ofis su yi mata abin da ya gagari 'ya'ya, na tsohon da ba ya jin magana, da na kansa da ya yi ta rufe ɓarna da fenti. Ya zaro alli ya kewaye lotsewar.

"Ku bar motar a nan. Sai gobe."

"Kai, Kawu! Har da mu?"

"Har da ku."

Ta ja tsaki ƙasa-ƙasa, ta ce tsofaffin nan duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Shi kuwa ya mai da allinsa bayan kunne.

Ya san abin da yake jira. Dogon-Zango ba ya barin tabo ya kwana biyu a motarsa, kuma da rana tsaka yake zuwa, lokacin da layi ya yi shiru kowa ya nemi inuwa. Haka kuwa aka yi. Koriyar motar ta shigo a hankali, ta kusa taka bokitin mai faci, ta tsaya.

"Kai mai bugun gwangwani, kana nan ko ka mutu?"

"Ina nan, ina jiran ka gama da motocin gari in samu hutu. Yau kuma me ya buge ka?"

"Wani mai baro ne a kasuwa. Yaran yanzu ba sa duba gabansu."

"Kawo makullin."

Ya shiga da kansa, ya juya motar, ya matso da bayanta har kusurwar bamba ta kusa taɓa ƙofar farar motar. Ya fito ya kama hannun abokinsa, ya ɗora a kan kusurwar da ta lotse, sannan ya ɗaga ya ɗora a ramin ƙofar. Ya sake mai da shi, ya sake kawowa. Tsohon direba ne, hannunsa ya san ƙarfe. Yatsunsa suka bi ramin, suka koma kusurwar, suka ji yadda ɗaya ya zauna cikin ɗaya kamar taɓarya a turmi.

"Motar wa ce wannan?"

"Ga lamba nan, karanta."

Dogon-Zango ya sunkuya. Ya matsa, ya ja baya, ya goge ido da bakin riga. Mai faci ya ce shi dai ya daina aikin da yake yi, ya kasa ɗaga kai.

"Ta mijin 'yarka ce," in ji Baba Sai-Gobe. "Jiya, a ƙofar gidansu."

"Bai gaya min ba."

"Da wane bakin? Yana can yana shirya wa inshora ƙarya saboda kunyarka. 'Yarka kuma ta ce a daidai wurin jikarka ke zama da wasa. Na gyara maka, na sake gyara maka, na rufa maka asiri. Wannan karon ba zan taɓa ba. Ka ajiye makullin nan, tsoho."

Nan fa tsohon ya miƙe tsaye.

"Au, kai ma? Lallai wanzami ba ya son jarfa. Ka zaci don idona ya yi rauni kunnena ma ya mutu? Bugunka ya canza, mai gwangwani. Da, in kana aiki daga bakin titi nake gane ka. Yanzu ka buga biyu ka huta, ka buga biyu ka huta. Gyaran da ka min na baya, na shafa na ji tudu da kwari, mai fenti ne ya cike maka. Kafaɗarka ta gama aiki, kana ɓoyewa. Ka taka naka laifin kana hango nawa!"

Maganar ta same shi a inda ba ya so, don gaskiya ce. Kafaɗar dama ta daɗe tana hana shi sakat. Matarsa ta yi magana har ta gaji, likita ya ce in bai bari ba wata rana ko cokali ba zai ɗaga ba, shi kuma ya ce su likitoci ai ba su san komai ba sai tsoratarwa. Ya tsaya yana duban gudumomin da ke kan buhu. Haushi ya cika shi, har ya rasa wa zai ji wa.

"To mu yi ciniki," ya ce. "Ka ajiye makulli, in ajiye guduma."

"Ƙarya kake."

"Mai faci, taso ka zama shaida. In wannan tsohon ya miƙa makullinsa, ƙarshen watan nan na rufe rumfa."

Mai faci ya ce wallahi ya zaci wasa ne irin nasu, sai da ya dubi fuskar Baba. Dogon-Zango ya koma ya zauna a benci, yana juya makullin a hannu.

"Tun ina saurayi ban zauna a kujerar fasinja ba," ya faɗa a hankali.

"Ni ma ban san abin da ake yi da hannu ba in babu guduma a ciki. Sai mu koya."

"Kai dai mugu ne."

"Na ji. Tashi in tsayar maka da tasi."

Washegari mai labule da matarsa suka iso, kowa fuska a ɗaure, da alama ba su daidaita ba. Sai suka tarar da tsohon zaune a benci cikin babbar riga, kamar mai zuwa ɗaurin aure. Mai labule ya durƙusa yana gaisuwa, ya kasa haɗa ido da shi.

"Tashi, ɗana. Kira kamfaninku, ka ba su sunana da lambar motata. Ni na buge ka."

"Haba Baba, ai ba komai, ni zan..."

"Da komai. Ka mai da ni ginshiƙi ina raye?"

"Baba, za su ƙara maka kuɗi baɗi fa."

"Su ƙara wa wa? Shekara da shekaru ina ciyar da su, ko ruwa ba su taɓa ba ni ba. Yau su amayo. Baɗi kuwa su nemi wanda za su ƙara wa." Ya miƙa wa 'yarsa makullin ba tare da ya dube ta ba. "Ungo. Kuma kada in ji kin taka min kuloci kamar mai kashe kunama."

Ita da ta zo da shirin faɗa, sai ta tsaya riƙe da makulli. Da ƙyar ta ce, "Baba, ka karya kuwa?" Ya ce ina ruwanta.

Mai duba ɓarna ya zo bayan 'yan kwanaki, ya tarar da lotsewar yadda take ba wanda ya taɓa, ya ɗauki hotuna ya tafi. Kamfani ya ja ƙafa irin yadda suka saba, daga baya ya amince. To ga inda abin yake da ban haushi: sai suka ce ba a rumfar Baba za a yi gyaran ba, garejin da suke hulɗa da shi za a kai. Motar da ta yi kwanaki ta tare masa wuri, aka zo aka ja ta, ko sisi bai ci a kanta ba. Kusurwar koriyar motar ce aikinsa na ƙarshe. Ita ƙarama ce, ba ta kai a dami inshora ba. Ya yi ta a hankali, yana bugu yana hutawa, kuma bai bar mai fenti ya cike masa komai ba. Da wata ya ƙare ya naɗe buhunsa.

Sakayyar da ya samu fa? Dogon-Zango yana yawo yana gaya wa mutane cewa mai gwangwani ya yaudare shi. Mai labule, Allah ya saka masa, ya kawo kyautar labule mai tsada har rumfa, rumfar da ba ta da taga kuma ana shirin rufe ta. Wanda ya karɓi wurin yanzu, kafin ka gama sallama ya fara bugu, mutane kuma sai yabonsa suke wai yana da zafin nama. Tuni an fara ganin masu dawowa daga ofishin inshora suna cizon yatsa, amma har yanzu ba a ji wanda ya ce Allah sarki Baba ba.

Shi kuwa yana gida, hannu ya rasa abin yi. Matarsa ta ce duk tukunyar da ta taɓa faɗuwa a gidan ya bi ta ya miƙar, har ta fara ɓoye masa murafai. Ranar asibiti 'yar Dogon-Zango ce ke ɗaukar su biyun a koriyar motar, ɗaya wurin likitan ido, ɗaya wurin na ƙashi. Suna zaune a baya, wannan na cewa ta cika taka birki, wancan na cewa ta matse wa mai babur, har sai ta ce in ba su yi shiru ba za ta sauke su su nemi tasi.

Baba, kai ne ka ga abokinka zai yi kisa bai sani ba, ka ƙi barin baƙi su karɓe masa makulli a ofis kamar ɓarawo. Kai ne ka tsare wa suruki kunyarsa ba tare da ka bar shi ya yi ƙarya ba. Da aka ce maka kai ma duba kanka, ba ka ce ai maganar wani ake ba. Ka biya da abin da ka fi so a duniya, kana ji kana gani. Mun gode. Allah ya ba kafaɗar nan lafiya, ya sa ka ga da kyau, ya ba matarka haƙurin zama da kai a gida.

Ku kuma masu sana'a, da masu mota, da masu tsoho a gida wanda ya ƙi sakin abin da ya kamata ya saki, ga abin koyi nan a gabanku, da ransa, yana zaune a ƙofar gida. Ku je ku gaishe shi tun yana jin gaisuwa. In kuma har za ku ce wa wani ya ajiye nasa, ku fara duba abin da ke hannunku, ku tambayi kanku ko za ku iya ajiye shi a gefen nasa.